Yelwa Mai Labule da Farin Ɗakin Inna

A layin masu labule na kasuwar Wuse, in ka tambayi Yelwa mai jere, kowa zai nuna maka shagon Madam Prudence. A can za ka tarar da wata gajeriyar mace mai faɗin goshi, tef ɗin awo rataye a kan hijabinta, tana faɗa da wani yadi da ya ƙi kwanciya a keke. Kada gajartar ta ruɗe ka. Matar nan ta taɓa korar mataimakin darakta guda daga ɗakin uwarsa, ya kuwa fita sumui-sumui da takalmansa a hannu.

A Bama aka haife ta. Ubanta Bakano ne da fataucin bandar kifi ya kai shi can ya zauna, uwarta kuwa ita ce mai jeren unguwarsu. Duk amaryar da za a kai, sai an zo an ɗauki uwar Yelwa tun da hantsi, ta tsaya a tsakiyar ɗaki riƙe da ƙugu, tana cewa wannan kwalla ta hau nan, wancan kumbo ya sauko. Yelwa na biye da ita tun tana 'yar shekara bakwai, tana miƙa faifai tana shan rankwashi. A nan ta koyi kallon ɗaki. Takan ce ita in ta leƙa ɗakin mace sau ɗaya, ta san ko ana son matar a gidan, ko haƙuri kawai ake yi da ita.

Da aka yi aurenta da Sale, jeren da uwarta ta yi mata sai da aka yi wata guda ana zancensa. Shekara tara tana sauke kwanukan nan duk Alhamis, ta goge ta mayar. A 2014, ranar da gari ya watse, ta fita da goyo a baya da yaro a hannu, ta bar tukunya a kan wuta. Suna shekara ta biyu a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro a Abuja, wani maƙwabcinsu da ya leƙa garin ya nuna mata hoton ɗakin a waya. Bai ƙone ba. An dai kwashe shi ne tas, sai ƙusoshi a bango da farin shatin inda kantar jere ta zauna. Yelwa ta ce duk gudun da suka sha da kwanan daji, ba ta yi kuka irin na ranar ba.

Sale ya sami gadi a wata ma'ajiyar siminti. Ita kuma ta shiga shagon Madam Prudence da shara, daga shara ta koma guga, daga guga ta hau keke, har ya zama ba a yanka yadi mai tsada sai ta sa hannu. Madam na da manyan littattafan hotunan gidaje, na Turkiyya da Maroko da Indiya da Japan, waɗanda matan manya ke zuwa su buɗa su dangwala yatsa su ce irin wannan suke so. Yelwa ma tana buɗawa in kasuwa ta yi sanyi, sai dai tambayoyinta daban suke. A ina masu gidan nan ke ajiye takalma? In tsohuwa ta zo, a ina za ta miƙe ƙafa? Tana son fitilun Maroko masu ɓula-ɓula, tana son yadda mutanen Japan ke zama a ƙasa kamar 'yan gidansu. Abin da ke ba ta dariya shi ne mutanen Abuja. Mutum ya sa teburin cin abinci na Italiya mai kujera goma sha biyu, sannan ka je ka same shi da iyalinsa a kan kafet gaban talabijin, sun sa kwano ɗaya a tsakiya.

Shekara takwas ta yi a haka, ba wanda ya san ta da komai sai labule. Ko Madam ba ta san ta iya jere ba, don ba wanda ya tambaya.

Wata Laraba sai ga Hajiya Nazeefa, ma'aikaciya a wata hukumar tarayya, tsohuwar mai sayayya a shagon. Ta zube a kujera ta ce a sake mata labulen ɗakin surukarta, karo na uku ke nan. Mijinta Umar Farouk, mataimakin darakta a wata ma'aikata, ya ɗauko uwarsa daga wani ƙauye a bayan Darazo saboda ciwon ƙoda. Likita ya ce sai ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, in aka daina kuwa sai abin da Allah ya yi. To, mako uku ke nan tsohuwa ta ƙi hawa gado, ta ƙi sakewa, abinci sai ta tsakura. Yanzu ta sa an kira ƙanenta Dallatu ya zo ran Asabar ya mayar da ita gida, inda babu injin wankin ko a kusa.

"Wallahi Madam na rasa yadda zan yi," in ji Nazeefa. "Na canja katifa, na canja labule, na rage sanyin AC. In na tambaye ta, sai ta ce komai ya yi, Allah ya yi albarka. Abban Ihsan ya yi lallashi har ya gaji. Asabar fa, saura kwana uku."

Madam Prudence, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta juya ta ce, "Yelwa, ka ɗauki tef ka bi Hajiya. Ka auna da kyau, wannan karon mu sa mai ruwan madara."

Gidan na Jabi, kuma gaskiya Nazeefa ta iya tsara gida. Falon zaman Larabawa ne, kilisai da tumtum da fitilar Maroko. Ɗakin tsohuwar kuwa shi ta fi mayar da hankali a kai. Ta taɓa zuwa kwas Japan, ta kwana a wani ɗaki da ta ce ba ta taɓa samun natsuwa irin tasa ba, shi ne ta yi wa uwar mijinta irinsa. Bango fari, labule fari, gado ɗan gajere na katako da farin zanen gado an ja shi ɗas. Ba hoto, ba kwano, ba ko ƙusa. Sai ɗan tebur guda da aka jera magunguna a kai.

Yelwa na sa ƙafa a bakin ƙofa gabanta ya faɗi, ba ta san dalili ba tukuna.

Inna Uwani na zaune a ƙasa kusa da ƙofa a kan dardumarta, ta ba gadon baya. Doguwa ce siririya, Bafulatana, da tsagar da tsufa ya kusa shafewa. Nazeefa ta fita amsa waya. Yelwa ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Idon tsohuwar na kan tef ɗin da ke wuyan Yelwa. Ta jima tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Awon me kuma aka aiko ki?"

Yelwa ta yi maza ta zare tef ɗin ta cusa a jaka. Ta ce labule ne kawai, Inna. Ta gyara zama ta hau tambayar mutanen gida da shanu da damina, irin hirar da ba wanda ya yi wa tsohuwar tun zuwanta. Da Inna ta ji bakinta ba na 'yan boko ba ne, sai ta leƙa ƙofa, ta matso, ta rage murya.

"'Yar nan, ke ba 'yar gida ba ce, ba zan ji nauyinki ba. Faɗa mini tsakani da Allah. Mai ɗakin nan, yaushe ta rasu?"

Nan take Yelwa ta gane abin da ya faɗar mata da gaba. A inda Inna ta fito, da inda ita kanta ta fito, ba a ganin ɗakin mace wayam haka sai in ta mutu an raba kayanta, ko an sake ta danginta sun zo sun kwashe. Ga farin ƙyalle an shimfiɗa a kan abu mai tsawon mutum. Mako uku tsohuwar nan na zaune tana ganin an sa ta a ɗakin mamaciya, an shimfiɗa mata likkafani tana jiran rana. Kunya ta hana ta tambayi suruka, ɗan kuwa na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa ƙara.

"Ba wadda ta rasu, Inna," in ji Yelwa. "Sabo ne. Ba a gama shi ba ne."

"Uhm," in ji Inna. Ba ta yarda ba.

A kicin Yelwa ta sami Nazeefa ta faɗa mata, ba ta rage komai ba. Nazeefa ta dafe kanta, hawaye suka zubo. "Inna lillahi. Ni fa da zuciya ɗaya na yi. Likita ya ce a rage ƙura, ni kuma na ga ya fi tsafta, ya fi kwanciyar hankali. Likkafani? Na shiga uku."

Tausayinta ya kama Yelwa, don ta ga ba rashin so ba ne. Ta ce, "Hajiya, labule ba zai yi maganin wannan ba. Yaushe za a kai ta asibiti?"

"Jibi Juma'a, tun safe har la'asar."

"To ki ba ni ɗakin ran Juma'a. Zan yi mata jere."

Madam Prudence ta yi tsalle da ta ji. "Labule na aike ka, ka je ka ɗauko aikin da ba a sa ka ba! Ka san gidan wane oga ne? In tsohuwa ya tafi, sunan shagona za a kira." Ta yi ta faɗa har ta gaji, sannan ta buɗe akwatin da take ɓoye kyawawan ragowar yadi, ta jefo mata rinin Yarabawa shuɗi da wani jan saƙi mai ratsin baƙi. Ta kira Ebenezer kafinta ta ce ya ajiye duk abin da yake yi, zai haɗa kantar jere.

Ranar Alhamis Yelwa ba ta zauna ba. Da sassafe ta hau mota zuwa Sheda, ta bi matan Fulani masu tallan nono har rugarsu, ta zaɓo ƙore masu zane, manya da ƙanana, da ludaya da faya-faye. Ba ta ɗauki sababbi fil ba, ta ce sai waɗanda hannu ya taɓa har suka yi santsi. Ta dawo Wuse ta ratsa layin 'yan kwanuka, ta sha ciniki a kan samiru masu fure da wani farantin tagulla aikin Bida, ta haɗa da wata 'yar tukunyar Gwari mai wuya. Direban tasin da ya kwaso ta ya tambaya ko 'yarta za ta aurar. Ta ce a'a, amaryar ta haura saba'in.

Ebenezer ya so ya yi kantar da ƙawa irin ta littafin Madam. Yelwa ta ce hawa huɗu take so, na tsakiya daidai kafaɗar tsohuwa, a sa gilas a gaban na sama saboda ƙurar da likita ya ambata. Ya ce ba haka ake yi ba. Ta ce a ɗakin nan haka za a yi.

Ran Juma'a, motar asibiti na fita suka shiga. Yelwa ta tsaya a tsakiyar ɗakin riƙe da ƙugu, sai ta ji muryarta ta fito da wani ƙarfi da ta manta tana da shi. Wannan ya hau nan. Wancan ya sauko. Gadon Japan ɗin ba ta fitar da shi ba, ta ce mutanen nan sun san abin da suke yi, tsayinsa ɗaya da gadon kara, sai dai ta juya shi yadda mai kwanciya za ta riƙa ganin ƙofa, ta yaye farin ta shimfiɗa jan saƙi. Shuɗin rinin ya zama labule. Ta aika aka ciro fitilar Maroko daga falo. Magungunan da ke tsaye a tebur kamar a asibiti, ta zuba su a samira ta rufe, ta ɗora a farantin tagulla. Nazeefa da kanta ta ɗaure zani a kan doguwar riga tana miƙo faifai, ana ce mata ba haka ba, tana cewa to.

Ana cikin haka Umar Farouk ya dawo daga ofis zai yi shirin masallaci. Ya shigo da takalmi har kan sabuwar tabarma, ya dubi kantar ya yamutsa fuska.

"Anya wannan bai yi yawa ba? Kamar shago fa. Ina ganin a rage rabin..."

"Ranka ya daɗe," in ji Yelwa, ba ta ko sauko daga kan kujerar da ta taka ba, "maza ba sa shiga wurin jere. Kuma ɗakin Inna ne, ba a shigo mata da takalmi."

Mutumin da ake miƙewa in ya shigo ofis ya dubi ƙafarsa, ya dubi matarsa, ya sunkuya ya cire takalman ya fita da su a hannu. Ebenezer ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Sai can Yelwa ta tambaya ko Inna ba ta zo da komai daga gida ba. Nazeefa ta tafi sito ta dawo da wani ƙunshi da aka ajiye tun ranar zuwan, don kada ya ɓata tsarin ɗaki. Ƙore uku ne a ciki, ɗaya ta taɓa tsagewa an ɗinke ta, da maburgi da wani tsohon faifai da ya yi baƙi. Nazeefa ta ɗauka za ta ɗora a hawan tsakiya, inda aka bari ba komai. Yelwa ta riƙe hannunta.

"Ajiye su a tabarma, Hajiya. Mai jere ba ta ƙarasawa. In muka gama mata komai, masauki muka yi mata, baƙuwa ce har yanzu. Sai ta ɗora da hannunta zai zama nata."

Bayan la'asar aka dawo da Inna, a gajiye, ɗanta na riƙe da gwiwar hannunta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi kantar daga sama har ƙasa, ta dubi gado, ta dubi ƙorenta a tabarma. Kowa na jira. Sai ta nemi dardumarta ta shimfiɗa a inda ta saba, kusa da ƙofa, ta zauna ta jingina da bango ta lumshe ido.

Yelwa ta koma Kuchigoro jiki a sanyaye. Sale ya ce ta yi iyakar yinta, rai na hannun Allah. Ta ce ta sani, amma da ta bar mutane da labulensu, da ba ta sa musu rai ba. Tuwon ma kasa cinsa ta yi.

Da safe ta ce ta manta maɗaurin labule, ta hau mota zuwa Jabi. Ƙarya take yi, maɗaurin na jikin labulen. A ƙofar gida ta tarar da wata tsohuwar mota mai lambar Bauchi, but ɗinta a buɗe. Dallatu ya iso. Yana tsakar gida da Umar Farouk, wanda idanunsa suka yi ja, suna magana ƙasa-ƙasa. Ta gaishe su ta wuce ciki.

Tun daga falo ta jiyo faɗa.

Inna na tsaye gaban kantar, hannu ɗaya dafe da katako. Ƙorenta uku na hawan tsakiya, ɗinkakkiyar a gaba. Ba nan ta tsaya ba, ta sauke rabin abin da Yelwa ta jera, Nazeefa na durƙushe tana riƙe da ludaya. Zanen gadon ya yamutse, filon ya lotsa.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Inna da ta ga Yelwa. "Ke ce mai aikin? Wa ya ce miki ana haɗa ƙwaryar nono da samira a hawa ɗaya? Ku Hausawa komai sai ku cakuɗa. Kuma wannan ludayin bakinsa sama yake kallo, ba ƙasa ba."

"A yi haƙuri, Inna," in ji Yelwa, ta durƙusa. Tun da take ba a taɓa kushe aikinta ta ji daɗi irin haka ba. Dariya da kuka suka taho mata tare, ta danne da bakin hijabi.

Dallatu ya yi sallama daga bakin ƙofa, bai shigo ba. "Adda, mota na jira. Gara mu kama hanya kafin rana ta yi."

Inna ba ta juyo ba. Ta karɓi ludayi daga hannun Nazeefa ta gyara masa zama.

"In tafi in bar wa wa kayan nan? Waɗannan da ba su san yadda ake goge ƙwarya ba? Ka sha fura ka koma. Ka ce a kula mini da jar saniyar nan." Ta ja baya tana duban kantar da ido ɗaya. "Kuma ka gaya wa matan gida, in an gama girbi su haɗa kuɗin mota. Su zo ganin ɗaki."

Umar Farouk, da ke tsaye a bayan kawunsa ba takalmi, ya juya da sauri ya fita tsakar gida. Yelwa ta ji ƙarar rufe but ɗin motar. Ta tashi ta naɗe hannun riga, don Inna ta riga ta nuna mata hawan sama da yatsa, ta ce shi ma a sauke a sake.